Babi na Shida: Hayaƙin Masana'anta, Hasken Rana da Gonar Gwarzo

Titin da ya tashi daga Kabuga a birnin Kano ya nufi yamma, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo, ya isa Gwarzo, sannan ya tsallaka jihar Katsina ta Dayi da Malumfashi. Daga birni zuwa Gwarzo tafiyar kimanin kilomita 70 ce, kuma duk tsawonta matafiyi ba zai hangi dogon bututun hayaƙin wata babbar masana'anta ba. Gonakin masara da dawa da gyaɗa da waken suya zai gani, da kuka da ɗorawa, da lambuna a gefen madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga da Pada, waɗanda suka samo asali daga shirin madatsun da aka faro zamanin Gwamna Audu Bako. Saboda haka mai karatu yana da hujja idan ya tambaya: me ya haɗa mutanen Gwarzo da Kabo da maganar sarrafa hayaƙin masana'antu da hasken rana?

Abin da ya haɗa su yana da yawa. Fatun awaki da tumakin da ake yankawa a Gwarzo da Getso da Kabo da Garo, akasarinsu a kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa suke ƙarewa, kuma can ne suke barin wata iska mai guba. Buhun yuriyar da manomi ke saye da damina, wani ɓangarensa iskar masana'anta ce da aka kama aka daskarar. Rana kuwa, wadda ita ce jarin wannan sabuwar kimiyya, a nan ta fi zafi da daɗewa a kan ta ƙasashen da ake binciken. Wannan babi zai duba yadda abin yake aiki, da inda aka kai, da kuma rabon da zai iya faɗowa wannan yanki idan an yi shiri.

Abin da ke cikin hayaƙi

Baƙin da ido ke gani a hayaƙi burbushin gawayi ne da bai gama ƙonewa ba. Mafi yawan abin da ke fita daga bututu ido ba ya ganin sa. Akwai iskar kabon dayoksaid, wadda duk abin da ya ƙone yake fitarwa. Akwai kabon monoksaid, wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a cikin ɗaki. Akwai metan, wadda ke tashi daga juji da kashin dabbobi da rijiyoyin mai. Akwai kuma haidurojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Kowace daga cikinsu tana ɗauke da abu mai daraja. Kabon shi ne ginshiƙin fetur da roba da barasar masana'antu. Haidurojin makamashi ne, kuma da shi ake haɗa takin zamani. Ita kuwa mai warin ƙwan, kilo 34 nata na ƙunshe da kilo 32 na farar wuta da kilo 2 na haidurojin.

Mayar da sharar wata sana'a kayan aikin wata ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Marina sukan kwashe katsin da ya kwanta a gindin karofi, a ƙona shi, a haɗa da gashin jima da majema suka kankare daga fata, a kwaɓa da ruwan dafara, sai ga laso, wanda ake shafe ramin rini da rufin soro da shi don kada ruwa ya ratsa. Sharar sana'o'i biyu ta zama simintin magina. A yau ma masana'antun taki suna yin irin haka da iska. Wajen haɗa amoniya, kabon dayoksaid mai yawa kan fito, kusan tsantsa. Maimakon a sake ta duka, sai a mayar da ita a haɗa da amoniyar, a samu yuriya. Haka ake yi a kamfanin Indorama da ke Eleme a jihar Ribas, da na Dangote da ke Lekki wanda aka ƙaddamar a 2022. Kowane buhun yuriya mai kilo 50 ya ci kimanin kilo 37 na wannan iska kafin ya iso kasuwar Gwarzo.

To me ya hana a yi wa sauran hayaƙin duniya haka? Makamashi ne. Lokacin da itace ko man dizal ya ƙone, kabon da ke cikinsa yakan manne da oksijin, zafi ya fita. Wanda duk yake so ya raba su kuma, tilas ya mayar da wannan ƙarfin da ya fita, har da ɗoriya. Idan wani man za a ƙona don samun ƙarfin, hayaƙin da za a tayar zai fi wanda aka kama, an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Dalilin da ya sa masana suka ɗaga kai suka dubi rana ke nan, domin ita kaɗai ce ke zuba ƙarfi kullum ba tare da an ƙona komai ba.

Daga ganyen masara zuwa ɗakin gwaji

Ganye ya riga kowa wannan aiki. Yana shaƙar kabon dayoksaid ta ƙananan ƙofofin da ke jikinsa, saiwa ta jawo ruwa, koren sinadarin da ke cikinsa ya kama haske ya fasa ruwan, ya saki oksijin, ya haɗa haidurojin da kabon su zama sukari. Duk damin dawa da ke cikin rumbu a Kutama ko Lakwaya, akasarin nauyinsa daga iska da ruwa ya fito, ba daga ƙasa ba. Sai dai ganye ba mai tattali ba ne. Idan aka auna hasken da ya sauka a gona tun daga shuka zuwa girbi, abin da tsiro ke adanawa bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba.

A shekarar 1912 wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Giacomo Ciamician na Jami'ar Bologna, ya gabatar da lacca a birnin New York. Mutum ne da ya saba jera kwalaben gwaji a saman rufin ɗakin bincikensa don rana ta buge su. Ya yi hasashen cewa wata rana za a kafa masana'antu marasa hayaƙi a ƙasashe masu zafin rana, inda bututun gilashi za su yi aikin da tsirrai ke yi, kuma ƙasashen da ba su da kwal za su samu abin dogaro. Maganar ta kwanta shekaru 60. A 1972 wasu Japanawa biyu, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka nuna cewa titaniyam dayoksaid, farin garin nan da ake sa wa fenti da man goge baki, yana iya fasa ruwa idan haske ya buge shi. A 1979 kuma su da abokan aikinsu suka nuna cewa irin waɗannan sinadarai na iya taɓa kabon dayoksaid ita ma, ta rikiɗa ta zama metanol da danginsa, ko da yake kaɗan ne ƙwarai.

Irin wannan sinadari shi ake kira katalis, kuma aikinsa tamkar na dillali ne a karar Getso: ya haɗa mai saniya da mai kuɗi, a daidaita, kowa ya kama gabansa, shi kuma ya zauna jiran ciniki na gaba. Katalis ba ya shiga cikin abin da aka samar, hanya kawai yake sauƙaƙawa. Wanda ke aiki da haske, idan hasken ya sauka a kansa sai ilektoron ɗinsa su zabura, su afka wa ƙwayar iskar da ta manne a jikinsa, su tsinke abin da ya ɗaure ta. Tsofaffin masana'antu da zafi suke wannan tsinkewar. Hanyar Haber da Bosch ta haɗa amoniya, wadda aka fara aiki da ita a Jamus a 1913, tana buƙatar zafin digiri 400 zuwa 500 da matsin da ya ninka na iskar duniya sau 150 ko fiye, kuma tana cinye tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya. Irin wannan tukunya ba ta riba sai ta yi girma ainun, shi ya sa masana'antun taki suke 'yan kaɗan, kuma nesa da manomi. Haske kuwa ba sai an ɗumama tukunya gaba ɗaya ba, ƙarfin yana sauka daidai inda ake buƙatarsa. Ana iya kunnawa a kashe cikin ɗan lokaci, ana kuma iya yin na'urar ƙarama. Wannan shi ne abin da ya fi shafar garuruwa irin Gwarzo da Kabo a cikin lamarin duka.

Kada a ɗauka duk abin yana takarda ne. A 2013 kamfanin Sanofi ya fara samar da atemisinin, tushen magungunan zazzaɓin cizon sauro da ake sha a yau, a masana'antarsa ta Garessio a Italiya, kuma ɗaya daga matakan haɗa shi da fitila ake yi. Kamfanin Toray na Japan ya shafe shekaru da dama yana haɗa sinadarin nailan da haske. Inda abin da ake samarwa ke da tsada, kimiyyar ta daɗe da shiga kasuwa. Wahalar tana wajen kaya masu araha da ake buƙata tan-tan, irin mai da taki.

Iska mai warin ƙwai da takin gyaɗa

Majeman gargajiya da toka da bagaruwa suke aiki. Kamfanonin zamani kuwa da farar ƙasa da sinadarin sodiyam salfaid suke tuge gashi, sannan su tsoma fatar a ruwan asid kafin a jeme ta da kurom. Idan ruwan tugun gashi ya haɗu da ruwan asid a kwata ɗaya, nan take haidurojin salfaid ke tashi. Mazauna Panshekara da Sharaɗa sun san warin. Hanci na jin ta tun tana ƙasa da ƙwaya ɗaya a cikin miliyan, amma idan ta kai wajen 100 a miliyan sai ta kashe jin warin, mutum ya zaci ta wuce alhali ƙaruwa ta yi. A ɗaruruwa masu yawa, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato. Ta fi iska nauyi, don haka a rami take taruwa, kuma tana cikin abubuwan da ke halaka masu shiga salga da kwatami. Wanda ya shiga ceto ba kariya, sau da yawa shi ma can yake zama.

Matatun mai da na gas suna fama da wannan iska fiye da kowa, kuma suna da tsohuwar hanyar magance ta, wadda Carl Friedrich Claus ya yi wa rajista a 1883. Akan ƙona wani kaso nata a murhu mai zafin da ya kai digiri 1,000, a bi da sauran ta matakai da dama, a ƙarshe a samu farar wuta da ruwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na farar wutar da duniya ke amfani da ita yau daga tace mai da gas take fitowa. Aibin hanyar shi ne haidurojin ɗin yana salwanta, ya koma ruwa, kuma ba a gina ta sai a babbar matata.

A 2022 masu bincike a Jami'ar Rice da ke Houston a Amurka, ƙarƙashin Naomi Halas da Peter Nordlander, suka fitar da wata hanyar. Sun ɗauki garin silika, sinadarin da ke cikin yashi, suka yayyafa masa ɗigon zinariya ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. Da aka haska shi da hasken da ido ke gani, aka bi da iskar ta kansa, sai ta rabu gida biyu a mataki ɗaya: farar wuta gefe, haidurojin gefe. Wani kamfani da ya tsiro daga jami'ar, Syzygy Plasmonics, ya gwada katalis ɗin a ƙaramar na'ura mai fitilun LED. Lissafi yana bayan wannan aiki, domin ƙarfin da ake buƙata a fasa haidurojin salfaid bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda ake buƙata a fasa ruwa ba. Ga shi kuma iska ce da dole a kashe kuɗi a kawar da ita ko da ba za a samu komai ba, saboda haka duk abin da ya fito riba ne.

Farar wuta kuwa abincin gona ce. Ƙasar noma ta arewa, musamman jigawa, tana da ƙarancinta, kuma ƙona karmami da ciyawa na ƙara korar ɗan abin da ke akwai, domin yana bin hayaƙi ya tafi. Alamarta a gona ita ce sababbin ganyaye su yi rawaya, saɓanin ƙarancin naitirojin da ke farawa daga tsofaffin ganyaye na ƙasa. Gyaɗa da wake da waken suya suna buƙatarta sosai. Dattawan da suka yi noman gyaɗa zamanin dala suna tuna takin sufa, kuma binciken da aka yi a Samaru ya nuna cewa wani ɓangare na amfaninsa daga farar wutar da ke cikinsa ne, wadda ta kai kimanin kashi 11 zuwa 12 cikin 100. Ana haɗa sufa ne da dutsen fosfet da asid ɗin farar wuta, wanda shi ne ake tsarmawa a zuba a batirin mota. Gwamnatin tarayya ta buɗe kamfanin sufa a Kaduna a tsakiyar shekarun 1970. Akwai fosfet a ƙasar Sakkwato da Tawa ta Nijar, amma ɗanyen man Najeriya ba shi da farar wuta da yawa, don haka matatunmu ba za su wadatar da mu da ita ba.

Ba a cewa kamfanonin jima za su cike wannan giɓi, abin da suke fitarwa bai kai nan ba. Kuma akwai sharaɗi: iskar da ke tashi daga buɗaɗɗiyar kwata ba ta kamuwa. Sai an raba ruwan tugu da na asid tun daga cikin kamfani, an rufe tankuna, an ja iskar ta bututu, kafin a yi maganar katalis. Wannan aikin famfo ne da bin doka, kuma shi kaɗai ma zai sauƙaƙa wa masu zama a bakin kogin Challawa da masu shan ruwansa.

Lissafin hekta ɗaya

Kabon dayoksaid ta fi taurin kai. A sararin sama ƙwaya 420 da 'yan kai ce kacal a cikin miliyan, ko da yake kafin zamanin masana'antu 280 ce. Tsamo ta daga iska aiki ne mai cin kuɗi, shi ya sa ake nufar inda take da kauri. A murhun siminti takan kai tsakanin kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na hayaƙin, saboda dutsen da ake gasawa shi kansa yana fitar da ita: kilo 100 na dutsen farar ƙasa na sakin kilo 44. Irin waɗannan murahu suna Kalambaina a Sakkwato, da Ashaka a Gombe, da Obajana a Kogi, da Malbaza a Nijar.

Yanzu mu auna rana. A ƙasar Kano, kowace murabba'in mita na samun hasken da ya kai kusan yunit 6 a yini, irin yunit ɗin da mitar wutar lantarki ke ƙirgawa. Wannan ya kusa ninka na Jamus sau biyu. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato yunit 60,000 a yini. Litar man dizal na ɗauke da kimanin yunit 10. Ke nan ƙarfin da ke sauka a hekta guda a Kabo daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ya yi daidai da lita 6,000 ta dizal. Na'urar da ke kama kashi 1 cikin 100 za ta ba da kwatankwacin lita 60. Mai kama kashi 10 za ta ba da 600. Duk gasar da ake yi a ɗakunan bincike a kan wannan tazara take.

Ga inda aka kai. A 2021 tawagar Kazunari Domen a Japan ta shimfiɗa faranta masu faɗin murabba'in mita 100, suka yi watanni suna fasa ruwa a ƙarƙashin rana, kuma mafi kyawun abin da suka kama shi ne kashi 0.76 cikin 100. A Jami'ar Cambridge ta Ingila, Erwin Reisner da ɗalibansa sun ƙera ganyen roba mara nauyi da suka ɗora a kan kogin Cam a 2022, kuma a 2023 suka nuna na'urar da ke kama kabon dayoksaid daga hayaƙi ta mayar da ita gas mai amfani, a ɗaya gefen kuma tana narkar da sharar roba. Duka a ƙaramin ma'auni ne. A Móstoles ta Sifen, masu bincike daga Zurich sun jera madubai 169 suna tara rana a kan hasumiya, suka samar da kananzir na jirgin sama daga ruwa da kabon dayoksaid, da kamun kashi 4.1 cikin 100. Wannan da zafin rana yake aiki, ba da katalis mai haske ba. Kamfanin Synhelion ya buɗe ƙaramar masana'anta a kan irin wannan tsari a Jülich ta Jamus a 2024.

Abokin hamayyarsu kuwa yana kan rufin shaguna a Gwarzo. Farantin sola na kasuwa yana kama kimanin kashi 20 cikin 100, kuma idan aka ba da wutarsa ga na'urar fasa ruwa, fiye da kashi 10 na ƙarfin ranar zai koma haidurojin. Duk sabon katalis sai ya fi wannan araha ko inganci kafin a saurare shi.

Sannan akwai namu matsalolin. Titaniyam dayoksaid ba ya amfani sai da kusan kashi 5 cikin 100 na hasken rana, waɗanda suka fi shi kama haske kuma sukan lalace da wuri. Hazon hunturu yana rufe gilashi da ƙura, yana kuma warwatsa haske, abin da ya fi cutar da madubai masu tara rana. Wankewa na son ruwa a lokacin da ruwa ya fi tsada. Hektar da aka rufe da faranti ba za ta yi masara ba, a yankin da gado ya riga ya yayyanka gonaki. Wuraren da suka dace su ne rufin gine-gine, da fako, da saman ruwan madatsu. A kuma sani cewa kabon da aka mayar mai ko yuriya ba a binne ta ba: da an ƙona man, ko takin ya narke a gona, za ta koma sama. Ribar ita ce an rage haƙo wani sabon.

Iskar da ke cikin garke

Gwarzo da Kabo ba su da murhun siminti, amma suna da shanu da kaji da mahauta da ɓawon amfanin gona. Idan aka zuba kashin dabbobi da ruwa a rufaffen tanki, ƙwayoyin halitta za su ruɓar da shi su fitar da gas wanda kashi 50 zuwa 70 cikin 100 nasa metan ne, saura kusan duka kabon dayoksaid, da ɗan haidurojin salfaid. Miliyoyin gidaje a Sin da Indiya da shi suke girki. Abin da ya rage a tankin taki ne mai kyau, don haka manomi bai yi asarar takin gidansa ba. Ita kuma mai warin, wadda ke cinye ƙarfen inji, ana tace ta da tsatsar ƙarfe.

Wannan gas ya zo da abubuwa biyu da masana ke nema a haɗe. Ƙwayar metan ɗaya da ta kabon dayoksaid ɗaya, idan aka sa su suka yi musaya, sukan ba da kabon monoksaid biyu da haidurojin biyu. Wannan gaurayen shi ake kira singas, kuma daga gare shi ake haɗa metanol, ake kuma haɗa dizal da kananzir ta hanyar da Fischer da Tropsch suka gano a Jamus a 1925. Kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu yana aiki da ita tun 1955, akwai kuma wata masana'anta mai bin wannan hanya a Escravos ta jihar Delta. Da zafi, musayar tana son digiri 700 zuwa sama, kuma gawayi kan toshe katalis. A 2020 masu binciken Rice suka nuna cewa ɗigon jan ƙarfe da aka ɗora wa ƙwayoyin rutiniyam ɗai-ɗai yana yin aikin da haske, ba tare da toshewa da wuri ba. A 2022 kuma suka fitar da wani na jan ƙarfe da baƙin ƙarfe zalla wanda ke fasa amoniya, alamar cewa ba dole sai da ma'adinai masu tsada ba. Masana'antar Jülich ma da gas ɗin ruɓaɓɓen shara take aiki. Singas dai guba ce saboda kabon monoksaid da ke cikinta, ba abin ajiyewa a tsakar gida ba ne, aikin ƙwararru ne a keɓaɓɓen wuri.

Abin da ya rage mana

Hukuncin da hujjoji suka bayar a yau shi ne: mayar da kabon dayoksaid mai da hasken rana kai tsaye bai isa kasuwa ba, kuma babu wata na'ura da ƙaramar hukuma ko ƙungiyar manoma za ta saya gobe ta yi riba. Fasa haidurojin salfaid da sarrafa gas ɗin shara sun fi kusa. Duk wanda ya zo yana tallar injin da ke mayar da hayaƙi fetur, a tambaye shi kashi nawa na hasken yake kamawa, sa'o'i nawa katalis ɗin ke yi kafin ya mutu, da kuma inda injin ya yi shekara yana aiki a fili.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya. A kan wannan titi na Gwarzo, Jami'ar Bayero ta samu tashar wuta mai megawat 7.1 da ta haɗa sola da batir da janareta a 2019, kuma a Janairun 2023 aka ƙaddamar da tashar sola mai megawat 10 a yankin masana'antu na Challawa, daf da kamfanonin jima. Jihar Kano tana da makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun 1977, da jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil. Akwai tambayoyin da ba wanda zai amsa mana su a Houston ko Cambridge: yawan iskar da kwatocin Challawa ke fitarwa a wata, da yadda katalis zai yi a zafin bazara na digiri 40 da ƙurar hunturu, da ko za a iya haɗa shi daga ma'adinin titaniyam da ke cikin tarkacen haƙar kuza a Filato. Waɗannan bincike ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya yi da kayan aiki masu sauƙin kuɗi.

Saboda haka kira yake ga hukumar kula da muhalli ta jiha da ta tilasta raba ruwan jima da rufe tankuna. Shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo su fara da tankin gas a mahauta da makarantun kwana, a horar da matasan da za su gina shi su kuma gyara shi. Masu hannu da shuni na yankin su ɗauki nauyin 'ya'yansu maza da mata da ke son karanta kimiyyar sinadarai, jami'o'i kuma su ba su aikin da ya shafi iskar da ke tashi a jiharsu. Idan fasahar ta nuna, garin da ya riga ya tara iskarsa wuri ɗaya, yake kuma da masu iya riƙe na'urar, shi zai fara cin moriyarta.